Ƙaya ta karye a tafin ƙafar yaro: a jira ta yi ruwa ko a tafi asibiti?

Tambaya daga wani magidanci a Marwa: Ɗana mai shekara 12 ya taka ƙayar aduwa a wajen kiwon awaki, ta huda silifa ta shige tafin ƙafarsa. Da ya zare sai ta karye, kan ya tsaya a ciki. Mahaifiyata ta tona da allura ba ta samu ba, ta ɗiga masa man shanu mai zafi ta ɗaure. Yau kwana 9 ke nan, wurin ya kumbura, yana ɗingishi. Wasu sun ce mu bari ta yi ruwa, za ta fito da kanta. Mu jira ne ko mu kai shi asibiti?

Amsa: Malam, sannu da jinya, Allah Ya ba yaro lafiya. Ni ma'aikacin jinya ne a nan Arewacin Kamaru, kuma wankin rauni, tsaga maruru da ciro ƙaya ko kwalba daga jiki suna cikin aikina na yau da kullum. Kada ku jira. Ƙayar itace ce, ta karye a ciki, ta kwana 9, ga kumburi ga ɗingishi. Ko biyu daga cikin waɗannan sun isa a kai yaro asibiti. Gobe da safe in Allah Ya kai mu ku tafi da shi. Ku ɗauki katin rigakafinsa na jarirai in yana nan, da guntun ƙayar da ya zaro in ba a yar ba. Daren yau a kwance ɗaurin, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe da bandeji ko wankakken ƙyalle, ya ɗora ƙafar a kan matashi ya daina takawa. Ana iya ba shi farasitamol saboda zogi. Kada kowa ya sake sa allura a wurin.

Amma in jikinsa ya yi zafi, ko kumburin ya haura zuwa idon sawu, ko kaluluwa ta fito masa a gindin cinya, ko ya ce bakinsa ba ya buɗuwa sosai, to ba maganar gobe ba ce, a hau babur a tafi yanzu. A baƙar fata irin tamu ja ba ya bayyana sosai, don haka kada ku tsaya neman ja. Ku taɓa ƙafar da bayan hannu ku gwada da ɗayar. In ta fi zafi, fatar ta miƙe tana sheƙi, to ciwon yana yaɗuwa.

Masu cewa a bari ta yi ruwa, akwai inda maganarsu take da gaskiya. Ɗan sartsen da ya tsaya a saman fata, irin na karan dawa ko ƙayar ƙarangiya, jiki yakan turo shi waje cikin 'yan kwanaki, wani lokaci da ɗan ƙurji mai ɗigon mugunya. Kowa ya ga haka, shi ya sa maganar ta zauna a bakin mutane. Ta ɗanka daban take. Ƙayar aduwa doguwa ce mai tauri, kuma da nauyin jikinsa duka ya taka ta, saboda haka ta wuce fata ta shiga kitse da naman da ke kusa da jijiyoyi da ƙananan ƙasusuwan ƙafa. Fatar tafin ƙafa mai kauri ce, balle ta yaro makiyayi. Ƙofar da ƙayar ta shiga takan rufe cikin kwana ɗaya ko biyu. Mugunyar da kuke jira in ta taru ba ta da hanyar fita, sai ta nemi gefe ta nemi ciki, inda nama ya fi taushi. Can ne take kama jijiya, wani lokaci har ƙashi. Ga kuma silifar: abin da ya huda takalmin roba yakan tura ɗan ɓarɓashin roba da dauɗa ciki tare da shi, kuma an san irin wannan hudar da janyo ciwon ƙashi mai wuyar magani.

Abin da nake fara tambaya in aka kawo mini mutum shi ne, mene ne ya shiga? Domin ba duka jiki ke ɗauka da zafi ɗaya ba. Ɗan ƙaramin ƙarfe ko kwalba, in ya yi nisa kuma ba ya damun mai shi, jiki yakan naɗe shi da wata 'yar fata ya zauna shekaru. Maƙera da masu walda da yawa suna yawo da irinsu, kuma sau da yawa likita yakan ga barinsa ya fi tsaga nama a nemo shi. Amma duk abin da ya fito daga tsiro ko dabba, wato ƙayar aduwa, bagaruwa, farar ƙaya, magarya, dabino, sartsen itace, ƙayar kifi, wannan da wuya jiki ya yi sulhu da shi. Yana da ƙananan ramuka da ƙwayoyin cuta ke laɓewa, yana jiƙa ya yi laushi ya gutsuttsure, naman da ke kewaye da shi kuma ba ya daina kumburi muddin yana nan. Shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya gama aikin. Za a sha, kumburin ya saɓe, a yi murna, bayan mako biyu ko wata guda ya dawo. Ina ganin wannan ƙwarai: an sayi kafso a kasuwa an sha, an sake saye an sha, ƙayar kuwa tana zaune.

A asibiti ku faɗa musu a fili cewa ƙayar itace ce kuma ta karye a ciki. Wannan bayanin yana da muhimmanci saboda hoton ƙashi. Hoton ƙashi yana nuna ƙarfe, yana nuna kwalba galibi in ta kai milimita 2, amma itace da ƙaya yawanci ba sa fitowa a cikinsa sam. Mutum zai biya kuɗin hoto a ce masa ba a ga komai ba, ya koma gida da ƙayarsa yana ganin an wanke shi. Wanda ke nuna ƙaya shi ne eko, irin na'urar da ake duba masu ciki da ita. In an yi hoton ƙashi don a duba ko ciwon ya taɓa ƙashi, wannan daidai ne, amma rashin ganin ƙaya a ciki ba hujja ba ce. In ƙaramin asibitin unguwa ya gagara gano ta, ku nemi su tura ku babban asibiti inda akwai eko da mai tiyata. Aikin kansa ba babba ba ne in an zo da wuri. Za a yi allurar kashe zafi a wurin, a ɗan tsaga daidai hanyar da ta bi, a zaro ta, a fitar da mugunya, a wanke ramin da ruwa mai yawa. Galibi ba a ɗinkewa, ana barinsa ya cike daga ciki, ku riƙa zuwa wanki. Kada wannan ya ba ku tsoro ku ce ba a gama aiki ba. Ramin da ya yi mugunya in aka ɗinke shi, an sake kulle cutar ne a ciki.

Yanzu abin da ya fi tsaya mini a rai, tetanus, cutar da ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki. Mutane sun ɗauka sai ƙusa mai tsatsa ke kawo ta. Tsatsa ba ta da laifi. Ƙwayar cutar tana zaune ne a ƙasa da kashin dabbobi, tana iya shekaru a turɓaya ba ta mutu ba, kuma ba ta son iska. Rami mai zurfi, matsattse, wanda bakinsa ya rufe da dauɗa a ciki, shi ne wurin da ta fi samun zama. Ka ga kuwa ƙayar da aka taka a hanyar awaki ta cika duk sharuɗɗan nan. Alamun sukan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21. Yakan fara da taurin muƙamuƙi da wuya, haɗiya ta yi wuya, daga nan jiki ya riƙa ɗaurewa yana banƙarewa, ko ƙara ko haske ya tayar da shi, mutum kuma yana cikin hayyacinsa yana jin komai. Wanda ya taɓa jinyar mai wannan cuta ba zai so ya sake gani ba.

Allurar da ake yi wa jarirai a mako 6, 10 da 14 tana da rigakafin tetanus a ciki, amma ƙarfinta yana raguwa da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar allura 6 ne kafin yaro ya girma: uku na jarirai, sai ƙari tsakanin wata 12 zuwa 23, wani a shekara 4 zuwa 7, wani kuma a shekara 9 zuwa 15. A wurarenmu yara da yawa a ukun farko suka tsaya. Ƙa'idar rauni mai dauɗa ko mai zurfi ita ce, in an wuce shekara 5 da allura ta ƙarshe, a ƙara wata. In ɗanka bai sake samun ko ɗaya ba tun yana goye, lallai yana bukatar ta gobe, kuma kwana 9 da suka wuce ba su hana a yi ba. In kuwa bai cika ukun farko ba, ko ba ku da tabbaci, to allura biyu ce za a yi masa a wurare daban. Ɗaya ita ce wadda ake rubutawa SAT a takardar magani, mai ba da kariya nan take amma ta ɗan lokaci kaɗan. Ɗayar ita ce rigakafin kansa, wanda ake rubutawa VAT ko Td, mai koya wa jiki ya kare kansa, kuma sai an koma an cika sauran. Mutane da yawa SAT kawai ake yi musu su tafi suna cewa sun yi rigakafi. Ba su yi ba. Ku tambaya wacce aka yi, a rubuta muku a kati.

Kai ma, Malam, ka duba naka. An tabbatar Kamaru ta kawar da tetanus na masu haihuwa da jarirai a 2012, Chadi kuma a 2019, saboda allurar da ake yi wa mata a awon ciki da kamfen na gida gida. Wannan babban aiki ne, amma mata da jarirai ya nufa. Magidanci manomi, makiyayi, mai faskare, masunci, wanda kullum yake cikin ƙaya da taki, shi ne ba wanda ya kira shi allura tun yana jariri, in ma an yi masa. Lokacin sharar gonakin masakwa da yankan ƙaya don shinge, maza ne ke cika mana benci da huda a ƙafa da hannu, kuma da wuya ka samu mai kati a cikinsu.

Game da Hajiya mahaifiyarka, kada a ɗora mata laifi. Iyayenmu sun ciro ƙaya da matsefata fiye da yadda za a ƙirga, kuma hannunsu ya san aikin. Mafi yawan sartse ma a gida ya kamata a gama da shi, ba sai an je asibiti ba. Abin da nake so a gyara shi ne tsabta, da sanin inda za a tsaya. In kan abin yana waje ko ana hango shi kwance a ƙarƙashin fata, a wanke hannu da wurin da sabulu. A tafasa matsefata da allura, ko a goge su da alkol, wato sifirit na kantin magani. A zauna a hasken rana, ko wani ya riƙe fitilar waya. A duba ta inda abin ya shiga, a kama shi kusa da fata, a ja shi a hankali ta hanyar da ya bi. In aka ja shi a karkace, karyewa zai yi. In kan ya ɓuya kaɗan, a ɗaga siririyar fatar da ke samansa da bakin allura har ya bayyana, ba a soka allurar ciki ana lalube ba. Kada a matse wurin da yatsu kafin a ciro, matsi yana karya ƙaya ya tura guntun ciki. Sartsen itace kuma kada a daɗe ana jiƙa shi a ruwa, yana laushi ya ƙi kamuwa. Ƙananan ƙayoyi masu yawa irin na ƙarangiya, a manna salatif a ɗaga, yakan kwaso su. Bayan an ciro a dubi abin da kyau, shin tsininsa ya fito cikakke? Sannan a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu, a shafa Bétadine, wato ruwan maganin goge rauni, in akwai, a rufe.

In an yi kamar minti 10 zuwa 15 ba a samu ba, a haƙura a ajiye allura. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tonon da ya wuce haka nama kawai yake ɓatawa, jini ya rufe wurin, ƙayar ta ƙara nisa, mu ma in an kawo mana sai aikin ya fi wuya domin hanyar da za mu bi ta lalace. Haka nan in an ciro amma bayan kwana biyu ko uku mutum yana jin abu na sukarsa daidai wuri ɗaya duk sanda ya taka ko ya danna, a ɗauka akwai saura. Wannan jin da mai ciwo ke yi, ina ba shi muhimmanci ƙwarai, yara ma ba kasafai suke kuskure a kai ba.

Mai mai zafi ƙuna yake ƙarawa a kan rauni, ya kashe naman bakin ramin ya toshe shi, kuma mataccen nama shi ƙwayar tetanus ke so. Toka, ƙasa, kanwa, man birki, fetur, ruwan batir, garin kafso da ake farkewa a barbaɗa, duk kada a sa. Kashin shanu kuwa, wannan ɗaukar cutar ne da hannu a zuba a rauni.

Akwai wuraren da ba na so a gwada komai a gida. Ido na farko. Mai walda ko mai wasa wuƙa da ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa masa a ido, ya wanke da ruwa mai tsabta, in bai fita ba kada ya murza, kada a sa masa tsinke ko harshe, a tafi wurin likitan ido ranar. Sai gaɓa. Ƙayar da ta shiga gwiwa ko gaɓar yatsa, musamman ta dabino, tana iya yin shiru makonni sannan gaɓar ta kumbura ta ƙi lanƙwasuwa, har a manta da ƙayar a ce sanyi ne. Sartsen ƙarƙashin farce in kansa ya leƙo a ja, in ya shige duka a bar mu mu kashe zafin yatsan mu yanke ɗan gefen farcen, in ba haka ba ɗan karkare ne zai biyo baya. Yatsan da ya kumbura tun daga tushe har kai, ya tsaya a lanƙwashe, mai shi ya yi ihu in an miƙe shi, wannan ciwon ya shiga kuben jijiya, aikin tiyata ne na gaggawa, jinkirin kwana biyu yana iya sa yatsan ya sandare har abada. A cire zobe tun kumburi bai hana ba. Masuntan tafkin Lagdo da na kogin Logon sun san ƙugiya da ƙayar kurungu: dukansu suna da haƙoran da ke riƙe nama, ja da baya yaga yake yi. Babban abu kuma, kamar guntun itace ko ƙarfe da ya nutse a cinya ko ciki, ba a zare shi. A tallafe shi da ƙyalle ta kowane gefe a ɗauki mutum yadda yake.

Akwai wata cuta da ya kamata duk mai zama a ƙasar ƙaya ya san ta, sunanta maisetoma. Ƙwayoyinta suna cikin ƙasa da jikin ƙaya, suna shiga ta irin wannan hudar, kuma ta fi yawa a busassun ƙasashe irin namu, daga Senegal, Mali, Nijar, Chadi har Sudan, da Indiya da Meziko. A Jami'ar Khartum an kafa cibiya guda a 1991 don ita kaɗai, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Muguntarta ita ce ba ta da zafi da farko. Watanni ko shekaru bayan an manta da ƙayar, sai wani ƙullutu mai tauri ya fito a ƙafa, yana girma a hankali. Daga baya ya huhhuje, ruwa na fita da wasu ƙananan ƙwayoyi kamar riɗi, baƙaƙe ko farare ko jajaye. Tun da ba ya ciwo, mutum yana noma yana kiwo da abinsa, wasu su ce sammu ne ko an taka wani abu, har ya ci ƙashi. Wanda ya zo a makare sau da yawa sai an yanke ƙafar. Wanda ya zo da wuri kuwa ana duba ƙwayoyin a gane irinta, domin iri biyu ce: ɗaya tana jin maganin kashe ƙwayoyin cuta sosai, ɗayar sai an haɗa magani na watanni da yawa da tiyata. Ba ina cewa ɗanka ya kamu ba, mafi yawan masu taka ƙaya ba sa kamuwa. Amma ko bayan ya warke, in kun ga ƙullutu a wurin nan wanda ba ya tafiya, ko da ba ya masa zafi, ku koma a duba.

'Yan'uwanmu na gefen Logon, ta Mayo-Danay da tsallaken Chadi, su kuma su riƙe wannan: bororo mai raɗaɗi a ƙafa wanda farin abu kamar zare ke leƙowa daga cikinsa ba ƙaya ba ce, yana iya zama kurkunu. A 2023 mutum 14 kacal aka samu da shi a duniya, 9 a Chadi, 1 a Kamaru. Kada a fizge shi, kada a tsoma ƙafar a tafki ko kogi, a sanar da asibiti mafi kusa.

In akwai mai ciwon sukari a gidanku, ko wanda ya taɓa yin kuturta, ko tsohon da ƙafarsa ta daina ji sosai, to shi dokarsa daban ce. Yana iya taka ƙaya ko ƙusa ya yini da ita bai sani ba, sai wari ko kumburi ya tona. Irin wannan ba a yi masa tono a gida ko kaɗan, kome ƙanƙantar abin, a ranar ake kai shi. Kowane dare wani ya duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu da fitila, a zazzage takalminsa kafin ya sa, kuma in zai shiga gona ko garke ya sa rufaffen takalmi mai kaurin ƙasa, domin silifa ba ta tare ƙayar aduwa.